Ɓera ya yi sata, an ɗaure daddawa

Duk wanda ya taɓa zama bisa benci a gidan kallo, ko a Tajaye ne, ko Malbaza, ko bayan tashar Ƙonni, ya san matar nan tun ba ta buɗe baki ba. Ba sai mutum yana jin Indiyanci ko Ingilishi zai gane ta ba. Da ta shigo kiɗan fim zai sake, samari su gyara zama, wani daga can baya ya ce, «To, ga ta nan ta iso.» Kyakkyawa ce, ta kuwa san da haka. Tana duban namiji tsakiyar ido, ba ta sunkuyar da kai. Tana son kuɗi, tana son daɗi, ba ta kuma ɓoyewa. Kafin a tashi za ta raba mutum da matarsa, ta raba shi da dukiyarsa, wani bi har da ransa. Sa'an nan, saura minti goma fim ya ƙare, sai a harbe ta, ko ta haukace, ko mota ta bi ta kanta. Ƴan kallo su watse suna murna, kowa ya je ya kwanta da sanyin rai cewa an yi adalci.

Yau gidajen kallon sun ragu, fim ya koma cikin wayar hannu, ana tura wa yaro guda goma a kati da ƴan daloli, amma matar nan ba ta tsufa ba. Faransawa suna ce mata femme fatale, wato macen da ajalin namiji ke hannunta. Mu ma ba mu rasa sunayen da za mu ba ta ba: makira, shu'uma, fitinanniya, ƴar bariki. Maganar da nake so in ajiye gaban masu karatu ita ce, maza ne sunka ƙera wannan mata, don amfanin kansu kuma sunka ƙera ta. Ita ce hanzarin da namiji ke kawowa ranar da ya ɓarnatar da dukiyarsa, ko gidansa, ko mutuncinsa. Bashin wannan hanzari kuwa mata masu jini a jika ke biyansa, waɗansu daga cikinsu a nan ƙasar Ƙonni, sunayensu na nan rubuce cikin takardun kotu.

Kada a ce Turawa ne sunka kawo mana ita cikin gwangwanin fim. Sun tarar muna da tamu. Tambayi tsofaffin direbobin da ke bin babban titin da ya taso daga Yamai, ya ratsa Dogon Dutse da Ƙonni ya nufi Maraɗi, za su ba ka labarin kyakkyawar da ke tsayawa bakin hanya da tsakar dare tana ɗaga hannu, wadda in ka ɗauke ta sai ka ga ƙafarta kofato ce. Direba ya kwana biyu bai runtsa ba, ya yi lodin albasar Galmi har ya fi ƙarfin mota, tayoyi sun suɗe, birki sai addu'a. Amma in mota ta kife, aljana ce. Karin maganarmu ma ya riga ya share wurin: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A lura da dabarar da ke ciki. Ba a musanta satar ba, an dai raba laifin biyu, an ɗora rabi bisa abin da anka sace. Silima da ta zo sai ta ƙara taki guda, ta sallami ɓeran, ta gurfanar da daddawar.

Masu silimar Amurka sun gano tun da wuri cewa akwai kuɗi cikin wannan fatauci. A 1915 anka fito da wani fim mai suna A Fool There Was, inda wata ƴar wasa, Theda Bara, ta tsotse wani attajiri, manzon gwamnati, mai mata da ɗiya, har ya ƙare a wulaƙance. Kamfanin fim ya baza labari cewa a hamadar Masar anka haife ta, ƙarƙashin inuwar gine-ginen Fir'auna. Ƙarya ce tsagwaronta, ɗiyar wani tela ce daga birnin Cincinnati. Amma ƙaryar ta tona dokar sana'ar: mace mai haɗari baƙuwa ce kullum, daga wani wuri take fitowa, ba ƙanwar kowa ba ce, ba ɗiyar kowa ba ce, saboda haka ba mai jin zafin abin da za a yi mata.

Fim ɗin da masana sunka fi kafa misali da shi shi ne Double Indemnity na 1944, wanda Billy Wilder ya shirya. Wani dillalin kamfanin inshora ya je gidan wani mutum, ya tarar ba ya nan, ya ga matar gidan tana saukowa daga bene da ƴar sarƙa a idon sawu, hankalinsa ya tashi. Sunka ƙulla su kashe mijin su ci kuɗin inshora. To, wa ya san dokokin kamfanin, ya tsara yadda za a yi kuɗin ya ninka? Shi. Wa ya ɓuya a bayan mota ya kashe mijin da hannunsa? Shi. Da amana ta ƙare tsakaninsu ta harbe shi ta ji masa rauni, wa ya rungume ta ya ƙarasa ta da harsashi? Shi ne dai. Amma da yake shi ke ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, yana faɗa cikin na'urar ɗaukar magana, da idonsa muke ganin kome, sai mu fito muna tausayinsa muna tsine mata. Fiye da shekara 80 ke nan ana tuna sarƙar ƙafar Barbara Stanwyck, ba a cika tuna hannun da ya yi kisan ba. Ba banza ba kuma irin waɗannan finafinai sunka yawaita a shekarun yaƙin duniya na biyu da bayansa, lokacin da miliyoyin matan Amurka sunka shiga masana'antu sunka fara karɓar albashi da hannunsu, maza kuma suna dawowa daga fagen daga suna tambayar wa zai koma madafa.

Ƴan kallo ma da nasu hannun a ciki. Cikin Fatal Attraction na 1987, wani magidanci ya yi lalata da wata mata iyalinsa ba su gari, ya so ya yar da ita kamar ɓawon gyaɗa, ita kuwa ta ƙi. Da farko an shirya fim ɗin ya ƙare da matar ta kashe kanta. Da anka gwada nuna wa jama'a sai anka ga ba su ƙoshi ba, so suke a kashe ta a gabansu. Anka koma anka sake ɗaukar ƙarshen, uwargida ta harbe ta cikin ɗakin wanka, ko da yake Glenn Close, wadda ta yi wasan, ta yi ta gardama kafin ta yarda. Magidancin da ya fara ɓarnar kuwa ya rungumi matarsa, anka rufe da hoton iyali. Indiyawa, waɗanda finafinansu ne sunka reni yawancinmu, su tun a suna sunka raba mata biyu. Cikin Shree 420 na 1955, ta kirkin sunanta Vidya, wato ilimi, ta banzan kuma Maya, wato ruɗi. Helen, wadda ta yi fiye da shekara 20 tana rawar gidan giya cikin ɗaruruwan finafinai, ƴar gudun hijira ce daga Bama, da jinin Turawa a jikinta. Aikinta ta yi rawar da ba a yarda jaruma ta yi ba, maza su more kallo, sa'an nan sau da yawa ajali ya same ta don jarumi ya auri mai lulluɓi.

Mu dawo gida, don Nijar tana da nata tarihin a wannan fage, da abin alfahari da abin kunya a haɗe. Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocin ya kuma yi ci-rani a Abijan, ya fito da Cabascabo, wanda anka nuna a bikin silima na Kan, can Faransa, a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗin sallama, abokan ƙarya da matan bariki sunka yi masa caa, ran da aljihu ya bushe kowa ya kama gabansa. Mu mutanen Adar ba sai an fassara mana ba. Kowane gari yana da nasa Kabaskabon da ya dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya da rediyo da agogo, bayan wata uku ya kai rediyon kasuwa. Ganda ya nuna masu cin kuɗin duka, maza da mata, ya kuma nuna wautar mai kuɗin. Amma je ka saurari yadda ake ba da irin wannan labari a fada ko bakin kasuwa: «Mata ne sunka cinye shi.» Abokan shan shayin da sunka ci rabin kuɗin su ne ma kan gaba wajen faɗin haka.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, shi ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da anka ba da ita. Wani Alhaji ya dawo daga Makka, da mata biyu a gida, ya ƙyalla ido ya ga wata yarinya, Satu, wadda anka riga anka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Ya zuba kuɗi, iyaye sunka kasa cewa a'a. Matarsa ta biyu, Gaika, kishi ya rufe mata ido, ta yi niyyar kashe amarya, cikin dare ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Duk mai hankali ya san inda Ganda ya auna kibiyarsa: ga mai rawanin da ya mai da aikin hajji lasin sayen ɗiyan mutane. Shi ya ɗebo wutar, shi ya kai ta cikin gidansa. Amma da yake Gaika ce ta yi kisan a gaban idon jama'a, ita ce ta zama muguwar fim, Alhaji ya zama wanda kishiyoyi sunka jarraba.

Wadda ta fito a matsayin Gaika ita ce Zalika Sule, wadda kuma ta yi macen bariki cikin Cabascabo. Ba ta kai shekara 20 ba ta fara, cikin Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan a 1966, zamanin da ba a saba ganin mace ta ɗauki wasan fim sana'a a wannan yanki na Afirka ba. Masu shirya fim sunka ga tana da ido da murya da ƙarfin hali, sai sunka yi ta ba ta abin da sauran mata ke gudu: yau karuwa, gobe mai cin amanar miji, jibi kishiya mai kisa. Ƙasa ta samu kyaututtuka, manya sunka yi ta jawabi, ita kuwa ta samu zagi, don mutanen Yamai da yawa ba su raba Zalika da Gaika ba. Cikin fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kanta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, an ga matar da ta ɗaga sunan Nijar a duniya tana zaune da ƴaƴanta cikin gidan da ba famfo ba lantarki. Daga baya ta tafi ƙasar waje ta yi aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a Yamai a watan Yuli na 2021. Ba mu ji an bi mazan da sunka rubuta labaran, ko waɗanda sunka fito a matsayin Alhaji da malamin tsibbu, da irin wannan zagi ba.

Abin da ya sami Zalika bai zama darasi ga kowa ba. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda sunka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, sun gaji rabon nan na Indiya: ga ta gari mai haƙuri da hawaye, ga ƴar duniya mai bin boka, mai mallake miji, mai raba ɗa da uwarsa. Sun kuma gaji al'adar hukunta ƴar wasa. A 2007 wani hoton sirri da wani ɗan canji ya ɗauka da wayarsa, shi da wata ƴar wasa, ya fita duniya. Ita ce ta shiga ɓuya don tsoron ranta, ita ce sunanta ya zama abin zagi. Hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da ɗaukar fim na watanni, anka kori ƴan wasa da dama. Mai wayar kuwa yau ba kowa zai tuna sunansa ba. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi wani mawaƙi cikin hoton waƙa. Runguma dai mutum biyu ke yin ta.

Da abin ya tsaya ga ƴan wasa, da da sauƙi. A farkon shekarun 1990, muna tsakiyar murnar dimokuraɗiyya, da ruwan sama ya yi jinkiri a Damagaram sai anka far wa ƴan mata masu guntun buje da matan da ke zaman kansu, wai su ne sunka hana ruwa. A watan Nuwamba na 2000, da anka shirya bikin nunin tufafi na FIMA kusa da Yamai, masu zanga-zanga a Maraɗi, mai nisan fiye da kilomita 600 daga wurin bikin, sunka cinna wa ɗakunan matan da ke zaman kansu wuta, tare da mashayu. Ba a ji an ƙona gidan ko mutum ɗaya daga cikin mazan da ke zuwa waɗannan ɗakuna bayan isha'i ba. Ba mamaki ma waɗansunsu na cikin masu ɗauke da galan ɗin mai. Har a siyasa haka abin yake. Matan da sunka tsaya wa kundin dokar iyali, kafin a jingine shi a 1994, tsinuwa da sunayen banza anka fi amsa musu da su bisa ga hujja.

Na san abin da wani zai ce: ai kaidin mata ba silima ta ƙago shi ba, yana cikin Littafi. Gaskiya ne, ba ni kuwa da niyyar shiga gonar malamai. Sai dai duk almajirin da ya kai Suratu Yusuf ya san cewa maganar girman kaidin mata daga bakin mijin matar ta fito, a cikin gidansa, ranar da ya ga rigar ta baya ta yage. Ya kuma san cewa da wani kaidin surar ta buɗe, na maza, ƴan uwa na jini, waɗanda sunka jefa yaro cikin rijiya sunka zo wa tsohonsu da kukan ƙarya, daga nan anka sayar da yaron da ƴan kuɗi ƙalilan. Matar kuwa daga ƙarshe ta tsaya gaban sarki ta amsa laifinta da bakinta, ta wanke wanda ta yi wa ƙazafi. Me ya sa wancan rabin ya zama karin magana a bakin kowane ɗan tasha, rabin da ya shafi sayar da yaro kuwa ba a cika jin sa ba? Ban ce babu mugayen mata ba. Akwai su, kowa ya san gidan da kishiya ta cuci ɗan kishiya ko ta raba zumunci. Abin da na ƙi shi ne a mai da muguntar mace halin jinsinta duka, a mai da muguntar namiji tsautsayi.

Wata gardamar ta fi wannan ƙarfi, daga mata kuwa take fitowa. Da yawa cikinsu suna son muguwar fim, ba su kuma jin kunyar faɗa. Dalilin a fili yake: ita kaɗai ce mace cikin fim ɗin da ke da jakar kuɗinta, take shiga inda ta ga dama, take mayar wa namiji magana. Ta garin ba ta da aiki sai kuka da jiran sakayya. Waɗansu masana mata a Turai da Amurka sun rubuta tun shekarun 1970 cewa ƙarfin matar ne ke zama a zuciyar mai kallo, mutuwarta kuwa a kan manta da ita tun kafin a kai gida. Na yarda da rabin wannan. Amma a duba darasin da yarinya ƴar shekara 13 a Tajaye take kwasa, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin su cika shekara 18. Ƙofa biyu kawai anka nuna mata. In ta yi shiru ta haƙura, ta gari ce. In ta buɗe baki ta ce tana so, ko ba ta so, ta shiga layin Gaika da Maya, ta kuwa ga yadda suke ƙarewa. Ƙanenta da ke zaune kusa da ita shi ma ya kwashi nasa: mace mai cewa a'a abar tsoro ce, abin tsoro kuwa rigayarsa ake yi.

Wanda yake ganin wannan duk zancen fim ne, ya zo mu je kotun Ƙonni. A 1996 anka sayar da wata yarinya ƴar shekara 12, Hadijatu Mani, ga wani mai hali na ƙasar Ƙonni, ɗan shekara 46, kan jika 240. Yana da matan aure huɗu, saboda haka ta shiga gidan a matsayin wahaya, abin da waɗansu ke kira mace ta biyar ko sa-ɗaka: ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba ranar girki, ba gado, aikin gida da na gona da rana, shimfiɗar mai gida duk lokacin da ya ga dama. Ba ta cika shekara 13 ba ya fara kwana da ita da ƙarfi. Ta shekara tara a haka, ta haihu, ta sha duka. Ba kuma ita kaɗai ba ce. Binciken da ƙungiyar Timidria ta yi tare da abokan aikinta, wanda ya fito a 2012, ya nuna yadda ake ɗebo irin waɗannan ƴan mata daga zangunan da ke tsakanin Illela, Madawa, Buza da Ƙonni, ana kai su gidajen masu kuɗi a nan da kuma ƙetaren iyaka, Sakkwato da Kano. Waɗansu akan sa musu ƙatuwar munduwar tagulla a ƙafa don kowa ya san matsayinsu. Ga sarƙar ƙafar da ta cancanci a yi fim a kanta.

Dokar 2003 ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A watan Agusta na 2005 mai gidan ya ba Hadijatu takardar ƴanci, amma da ta ɗauki ƙullinta za ta tafi sai ya ce ina, ai matarsa ce. Ta kai ƙara. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure, tun da ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta rushe wannan hukunci, ta kafa hujja da cewa ɗa yana iya auren baiwa in ba shi da halin auren mace mai ƴanci, in kuma yana tsoron faɗawa cikin zina. Mutum mai mata huɗu, jama'a! Ana cikin wannan ja-in-ja Hadijatu ta auri mutumin da ta zaɓa da kanta. Nan fa labari ya juya ya zama irin wanda munka saba gani a gidan kallo. Wanda ya sayi yarinya da kuɗi ya zama miji abin tausayi da anka ci amanarsa, yarinyar da anka saya ta zama maciya amana mai aure bisa aure. A watan Mayu na 2007 kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, ita da sabon mijin da ɗan uwanta, ta kuma yi wata biyu a gidan kaso kafin a sake ta. Alƙalan nan ba fim suke kallo ba, na sani. Amma labarin da ke cikin kansu shi ne dai na cikin fim: in gida ya watse, a nemo macen.

Sai da ta tsallake kotunan ƙasarta ta je kotun CEDEAO, wadda ta zo har Yamai ta saurari ƙarar. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce an bautar da Hadijatu, hukumomin Nijar sun gani sun kau da kai, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. A watan Mayu na 2014 kotun manyan laifuka da ta zauna a Ƙonni ta ɗaure wani ɗan shekara 63 saboda wahaya, karon farko a tarihin ƙasar. Shekara huɗu anka ba shi, a dokar da ta ce 10 zuwa 30. Sai a 2019, shekara 23 bayan cinikin, babbar kotu a Yamai ta rufe shari'ar Hadijatu, ta ce wahaya ba aure ba ce, haramtacciya ce. Tun watan Janairu na 2025 kuwa, da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙofar da Hadijatu ta ƙwanƙwasa ta rufe ga na bayanta. Kowa na iya riƙe ra'ayinsa game da ficewar. Amma waɗanda sunka yanke shawarar, bashi ne a kansu su faɗa wa yarinyar da ke zangon Tajaye ko Dogerawa wace kotu za ta nufa ranar da alƙalin garinsu ya ce ta koma ɗakin wanda ya saye ta.

Masu shirya finafinan Hausa, na Kano da na Maraɗi da na Yamai, kullum kukansu rashin sabon labari, har sukan ɗauko na Indiya su sa masa hula. Ga labari nan a ƙofar gida, da ciniki, da gudu, da kurkuku, da alƙalan ƙasa da ƙasa, da mace wadda ba ta yi lakwal ba ta kayar da gwamnati. Ba ya buƙatar rawa cikin ruwan sama, ba ya buƙatar boka mai jan ƙyalle. Abin da yake buƙata shi ne abin da Billy Wilder bai yi ba, wanda Ganda ya kusanta ajali ya riga shi a 1981: a miƙa wa macen na'urar ɗaukar maganar, ita ta ba da labarin, mu ga mai gidan da idonta ranar da ya zo taya ta. Ma'aikatar al'adu, in tana neman abin da za ta tuna Zalika Sule da shi ban da jawabin ta'aziyya, ta sa kuɗinta a nan. Ƴar wasan da za ta ɗauki nauyin fitowa kuma a biya ta hakkinta a rubuce, a tsaya mata ranar da ƴan tasha sunka fara. In an gama, kafin a kai shi Wagadugu neman kyauta, a fara kafa farin ƙyalle a filin kasuwar Tajaye, da Dogerawa, da Zongon Ablo inda matan da sunka tsere daga wahaya sunka yi zamansu, a nuna shi da Hausa da Tamajak, a kuma bar mata su zauna a layin gaba.